Kayen da Maidawa Ya Koya wa Autansa

Duk wanda ya girma a Bagudo ya san Maidawa, in bai san shi da ido ba ya san shi da baki. Asalinsa mutumin Kende ne, ya dawo gari da zama bayan ya yi aure. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni ne ɗan kabu-kabun da ke kai shi fadama tun da gwiwoyinsa suka fara ƙin tafiya. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

A zamanin ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne na gasken gaske. Da an gama girbi sai ya ɗaura layunsa ya bi fagage, daga Illo zuwa Lolo, ya tsallaka iyaka ya shiga ƙasar Benin har Segbana, inda Dandawa ke yi masa kirari da harshensu shi kuma yana gyaɗa kai kamar yana jin komai. Kayensa guda ɗaya ne, kowa ya san shi, amma ba a samu mai tare shi ba. Sai ya sunkuya, ya duƙar da kai, ya soka shi a cibiyar abokin karawa, ya rungumo cinyoyinsa ya ɗaga. 'Yan kallo suka sa wa kayen suna karon rago. A kokawarmu kuwa da gwiwar mutum ta taɓa ƙasa shi ke nan, an kayar da shi. Maidawa yakan ce tasa gwiwar a wurin salla kaɗai ta san ƙasa, kuma ko masu jin haushinsa ba su ƙaryata shi ba.

Da tsufa ya zo ƙarfi ya tafi, taurin kai ya zauna. Ya koma noman shinkafa, ya kuma zuba duk abin da ya rage masa a kan autansa Bunyaminu. Yaron ya fi ubansa tsawo da faɗi, amma sanyin hali ne da shi irin na uwarsa Barira. In ya kayar da mutum a fage shi ne zai miƙa masa hannu ya tashe shi, uban yana gefe yana tsaki.

Wani ya ɗauki hoton bidiyon Bunyaminu a gasar kokawa ta Birnin Kebbi ya saka a waya. Hoton ya yi yawo har ya kai hannun wasu mutane a Legas masu neman ƙartin samari don ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana gudu da ƙwallo a hannu. Suka aiko a kai shi. Barira ta ce atafau ba da ɗanta ba.

"Malam," in ji ta, "ni ban son wasan da aka sa ma mutum hulak kwano tun ba a hwara ba. In ba sun san za a hwasa kai ba, mi ya kawo hula?"

Maidawa ya yi dariya. Da ya ga ba dariya take yi ba, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ɗan da ni na horar? Da ƙahwahunai zai tahi, da ƙahwahunai zai dawo ya shigo ɗakinki. Ni na ɗauki wanga alkawali."

A kan wannan magana ta sake shi, ba don ta gamsu ba. Tun daga ranar, zaman gidan ya koma a kan alkawarin nan. Tana dafa masa abinci, tana gaishe shi da safe, amma hira ta mutu tsakaninsu. Ni da nake bayan katanga na fi kowa sanin yadda gidan ya yi shiru.

Bunyaminu ya wuce Legas, daga can aka kai shi Amurka. Ya daɗe yana koyo, ya daɗe a benci ba a sa shi a wasa ba. Aikin da suka ba shi shi ne ya ture ƙaton da ke gabansa, ya cimma mai riƙe da ƙwallo ya kayar da shi. Da aka yi wa Maidawa bayani sai ya ce, to ai kokawa ce aka sa wa riga. Mutanen gari kuwa suka sa shi gaba da zolaya. Kullum a majalisa sai wani ya ce, "Maidawa, yaushe za mu ga ɗan namu ga talabijin, ko shara yaka yi musu can?" Yakan yi kamar bai ji ba, amma ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi.

Sai ga shi a tsakiyar kakar wasa ta bara wasu daga cikin manyan 'yan wasan ƙungiyarsu sun ji rauni, aka ce Bunyaminu zai shiga. Kuma ba ƙaramin wasa ba ne. Sufyan mai gidan kallon ƙwallo, wanda shi kaɗai a Bagudo ya ɗan san kan abin, ya ce ƙungiyoyin biyu rukuninsu ɗaya, garuruwansu maƙwabta ne, duk shekara sai sun kara sau biyu, kuma ba sa ga maciji da juna tun kakanni. Wanda ya ci wannan karon shi zai hau saman rukuni. Maidawa ya ce ya gane, irin tasu ce da 'yan kokawar garin Sharabi.

Ana gobe wasan Bunyaminu ya kira ta wayata, don ta Maidawa ba ta nuna hoto. Bayan gaisuwa uban ya ce, "Gobe ka ba su karon rago."

"Baba, nan sun hana ni duƙar da kai," in ji yaron. "Sun ce in ɗaga kai ina kallon mutum, in sa kahwaɗa. Wai akwai hatsari ga wuya."

"Su wa sunka hana? Waɗanda ba su taɓa shiga hwage ba? Ni na yi shi tun ba a haihi uwayensu ba, ga wuyana nan. Gobe Bagudo duka na kallonka. Ka nuna musu na gidanku."

Yaron ya ce, "To, Baba."

Washegari bayan magariba rumfar Sufyan ta cika har waje. Samarin da suka saba kallon ƙwallon Turai suna ta gunaguni, wai wannan wane irin wasa ne da tsayuwa ta fi gudu yawa. Maidawa ya zo cikin babbar rigarsa ta Idi, ya kuma taho da Ango, tsohon makaɗinsa, da gangarsa a rataye. Aka ba su bencin gaba. Barira ba ta zo ba, tana gida da matan unguwa, kuma gidan bai yi nisan da ganga ba za ta kai ba.

Ƙungiyar Bunyaminu jar riga suka sa, abokan gabar farar riga. Duk fuskoki na cikin hula, amma tun kafin Sufyan ya nuna lambar rigar Bunyaminu, Maidawa ya miƙa yatsa ya ce, "Ga shi can." Tsayuwarsa ya gane. Wasan ya yi zafi tun farko, ana ture-ture ko bayan alƙali ya busa, 'yan kallon can suna ihu kamar za su rushe filin. Namu 'yan kallon ba su san wa ke ci ba, amma duk sanda aka yi karo sai rumfa ta ɗauki sowa.

Ana dab da hutun rabin lokaci wani mai farar riga ya karɓi ƙwallo ya ɓallo da gudu ta tsakiya. Bunyaminu ya kuɓuce wa mai tare shi, suka fuskanci juna. Na gan shi da idona ya sunkuya, ya duƙar da kai, ya soka shi a cikin mutumin. Ƙarar karon har ta cikin talabijin mun ji ta. Mai farar riga ya tashi sama ya faɗi ta baya, ƙwallo ta yi nata waje.

Rumfa ta kece. Maidawa ya miƙe tsaye ba sanda, abin da na daɗe ban gani ba. Aka sake nuno karon a hankali, ya ce, "Nau ne! Wanga nau ne!" Sai hoto ya koma fili, mutane masu jakunkunan magani sun kewaye wani a kwance, ba a ganin ko wane ne. Can kuma sai ga 'yan wasa suna cire huluna, suna sa gwiwa ɗaya a ƙasa. Masu farar riga suka durƙusa a jere, ƙarti duka, kawunansu a sunkuye.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a fage abu ɗaya ya sani game da gwiwa a ƙasa. Maidawa ya juyo ya fuskanci jama'a, idonsa ya kawo ruwa don murna. "Kun gani? Guda ya kada, sauran duk sunka ba da gari! Ina masu cewa shara yaka yi? Ango, buga!"

Ango ya saki kiɗan nasara, wanda ake yi wa ɗan kokawa in ya share fage. Talabijin ta koma talla. Samari suka shiga rawa, har da masu gunaguni. Daga can cikin unguwa muka ji guɗa ta tashi, na kuma gane muryar Barira a ciki. Rabon da in ji ta ɗaga murya tun kafin yaron ya tafi.

Sufyan kaɗai bai tashi ba. Ya jawo hannun rigata ya ce a kunnena, "Masu jar riga ma sun durƙusa. Can ba a yin haka sai in rauni ya yi muni." Na ce ya yi shiru, ai na farar riga ne a kwance. Ya ce Allah ya sa.

Tallar ta daɗe. Da hoto ya dawo, abu na farko da muka gani shi ne mai farar rigar nan a tsaye, lafiyarsa lau, ya rufe fuska da hannu yana kuka. Sai aka nuno wata 'yar mota a tsakiyar fili. An ɗaure mutum a kan katako tun daga goshi har idon sawu, jar riga a jikinsa. Filin nan mai dubban mutane ya yi tsit. Ango bai ankara ba ya ci gaba da kiɗa, sai da Maidawa ya ɗora hannu a kan fatar gangar.

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar haka ba. Ya matsa har gaban talabijin yana kallon ƙafafun, yana jira su motsa, har motar ta shige. Aka ci gaba da wasa, wai jar riga ce ma ta ci a ƙarshe. Babu wanda ya tsaya gani.

A ƙofar gida muka tarar da Barira da mata, fuskarta a washe. Maidawa ya ce mata yaron ya ɗan bugu, an kai shi asibiti a duba shi. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Da labari ya zo daga baya cewa ƙashin wuya ne ya karye, kuma daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi, Maidawa ya roƙe ni da Sufyan kada mu bari ta ji. Ya ce shi zai gaya mata da bakinsa. Kullum sai ya ce gobe. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa fadama, shinkafarsa tsuntsaye suka cinye rabi.

Bayan wasu makonni aka kira wayata daga asibitin. Na shiga da ita tsakar gidansu. Ga Bunyaminu a kwance, an tallafe masa wuya, ya rame, wata ma'aikaciya ce ke riƙe masa wayar. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, ka ga kayen?"

Maidawa ya ce, "Na gani, Auta. Ka kada shi."

Barira ta karɓe wayar daga hannuna. Ta tambaye shi jiki, ta tambaye shi ko suna ba shi abinci, ya ce suna ba shi. Ta yi ta sa masa albarka. Da za a yi sallama ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Shi ma ya yi murmushi. Ta sake ɗagawa, ta matso da hannun kusa da wayar.

"Auta, hannu nika ɗaga maka. Ba ka gani?"

"Ina gani, Inna."

Ta tsaya da hannun a sama tana jira. Yaron ya kawar da idonsa daga kanta ya dubi ubansa. Barira ta bi idon nasa, ta juyo a hankali ta dubi Maidawa.

"Malam," ta ce, "mi ya hana shi ɗago hannu?"