Gudun Ƙanena

Duk shekarar da aka zo gasar guje-guje ta duniya, iyalina sun san wayata ba ta aruwa. Tsalle-tsalle da jifan mashi ban damu da su ba, gudun mita ɗari kuwa kafin ka gyara zama an gama. Nawa shi ne gudun maza na mita dubu ɗaya da ɗari biyar, wanda ake zagaya fili kusan sau huɗu. Da an jera su sai in jingina da buhun gero a shagona nan Tambuwal, ido a kan wayar, mai saye ya yi haƙuri ya jira. Yaran unguwa kan ƙyalƙyale da dariya in na ce ni ma na yi wannan gudun, suna kallon tumbina. Ba na jin haushinsu, don ni ma in na sunkuya na dube shi sai in yi shakka.

Amma na yi. Mu ’yan Kebbe ne, ni da ƙanena mai bi mini, tsakaninmu bai kai shekara biyu ba. Aka kawo mu makarantar kwana a Tambuwal, ina gabansa da aji ɗaya. A gidanmu akwai tsari, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana shi. In za a tafi gona, Baba ne a gaba da galmarsa, ni ina biye, ƙanena a bayana. In an kawo tuwo ba ya sa hannu sai na sa. Sunana kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, Yaya yake cewa ko da muna faɗa. Na tuna yana ƙarami ya taɓa sheƙawa gaba a hanyar gona yana bin wani ɗan maraƙi, Baba ya kamo kunnensa ya mayar da shi wurinsa a layi, aka ci gaba da tafiya.

Filin makarantarmu ƙasa ce ja, da toka ake zana layin gudu, iska ta share a sake. Ba mai takalmi a cikinmu. Maimakon ƙararrawar zagayen ƙarshe, wani tsohon wilin mota ne aka rataye a dalbejiya, ana bugunsa da guntun ƙarfe. A wannan fili na yi suna. Duk tseren da aka yi ni ne na ɗaya, ƙanena na biyu, sauran ɗalibai can baya suna haki. Kaina ya kumbura sosai. Har nasiha nake yi masa in mun gama, in dafa kafaɗarsa in ce ya ƙara himma, wata rana zai kamo ni. Shi kuma ya ce to. Abu ɗaya ne yake ba ni haushi da shi, yawan taka mini dunduniya muna cikin gudu. Sai in daka masa tsawa, ya ce in yi haƙuri, ya ɗan ja baya.

Gaskiya ni tafin jama’a nake so. Shi gudun kansa yake so. In mun je hutu Kebbe, bayan sallar asuba ni bargo nake komawa, shi kuwa ya bi hanyar Fakku da gudu, ya dawo ƙafafunsa duk laka kafin a ɗumama tuwo. Masu babur har sun san shi, suna yi masa oda suna tsokanarsa ko kura ce ta biyo shi.

A shekarata ta ƙarshe, muna dawowa daga hutun damina, malamin wasanni ya tara mu ya ce za a zaɓi ’yan gudun da za su wakilci jiha. Kowace makaranta mutum ɗaya za ta tura Sakkwato a kowane tsere, wanda ya zo na ɗaya a gwajin da za mu yi. Ya ce tun da ya fara koyarwa a nan bai ga an nemi ’yan makarantarmu ba, kuma bai san ranar da za a sake ba. Na ga yadda idon ƙanena ya yi haske, sa’an nan ya dube ni ya sunkuyar da kai. Ni a raina na riga na fara tunanin rigar da zan sa in shiga Sakkwato.

Ana cikin haka gasar duniya ta zo. Wata Asabar bayan la’asar malamin ya kwashe mu ’yan gudu ya kai mu gidan kallo a cikin gari, ya lallashi mai gidan ya juya tasha kafin a fara ƙwallo. Masu jiran ƙwallon suka yi ta gunaguni. Rumfar kwano ce, zafi kamar gidan burodi, janareto yana ta ƙara a baya, muka matsu a benci ɗaya.

Ranar na fara ganin yadda manya ke yin wannan gudu, kuma da farko raina su na yi. Aka harba bindiga, maimakon su fyalla sai suka dunƙule wuri ɗaya suna tafiya a hankali, kowa yana satar kallon ɗan’uwansa, ana ɗan sa gwiwar hannu. Wani a bayanmu ya ce in haka ne gudun duniya, shi ma a ba shi gajeren wando. A zagaye na biyu wani mai sanƙo ya fito gaba. Malaminmu ya ce wannan tsohon zakara ne daga gabashin Afirka, ya daɗe yana cin gasar. Daf da kafaɗarsa akwai wani saurayi siriri, rigarsu iri ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Duk inda mai sanƙon ya sa ƙafa, nan saurayin yake sawa.

“Ku bar kallon na gaba,” in ji malam. “Ku dubi bakin wanga na bayanshi. Rufe shike. Ku dubi yadda shika rage taki don kar shi taka na gaba. Wanga bai fara gudu ba tukuna.”

Aka kaɗa ƙararrawa, dunƙulen nan ya warware, kowa ya saki jiki. Masu jiran ƙwallo suka manta da ƙwallo, aka miƙe tsaye a kan benci. Mai sanƙo yana gaba, haƙora a waje, kai yana rawa. A kwanar ƙarshe saurayin ya ɗan fita gefe, ya buɗe ƙafa, ya wuce shi kamar an tsayar da shi. Kafin su kai layi wani ma ya sake wuce tsohon. Da aka gama, mai sanƙon ya dafa gwiwoyinsa ya huta, sa’an nan ya je ya rungume saurayin, ya ɗaga hannunsa sama yana nuna wa jama’a shi.

Wani dattijo mai sayar da goro da ke zaune bakin ƙofa ya girgiza kai. “Wanga yaro ba shi da kunya,” ya ce. “Ga babba gabanshi, ɗan garinsu, ya zo ya wuce shi duniya tana kallo!”

Rumfar ta kwashe da dariya, har da ni. Na juyo in tsokani ƙanena, sai na ga shi ba ya dariya. Kansa a ƙasa, yana murza yatsun hannunsa. Na koma na zauna, ban ji sauran bayanin da malam ya yi ba.

Ran Litinin da muka fita atisaye na yi abin da ban taɓa yi ba. Muna zagaye na uku, ƙirjina yana wuta, na waiwaya na dubi fuskarsa. Bakinsa a rufe. Ƙafafunsa yana ɗan tattara su, yana rage taki, kamar mai bin tsohuwa a ƙunƙuntar hanya. Da muka haɗa ido ya yi maza ya buɗe baki ya fara haki na ƙarya. Wallahi kunya ta kama ni, ga kuma dariya tana neman ƙwace mini, don ban taɓa ganin hakin da bai iya ƙarya ba irin wannan.

Na same shi a bakin famfo yana wanke ƙafa, na kori waɗanda ke wurin.

“Tun yaushe kaka jirana?” na tambaye shi.

“Ba ni jiranka, Yaya. Iyakar ƙarfina ke nan.”

“Ƙarya kaka yi. Na ga bakinka.”

Ya ci gaba da cuɗa ƙafar da ta riga ta fita. Can ya ce, “In na wuce ka gaban mutane, da wane ido za ni dube ka? Labari shi kai Kebbe, a ce na bar wana baya.”

“Kana son zuwa Sakkwato?”

Idonsa ya kawo ruwa.

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Ni ma ina son Sakkwaton nan, kuma ba daɗi mutum ya gane tafin da yake ta karɓa na wani ne. Na yi tunanin in ce ƙafata ta gurɗe in ƙi shiga gwajin, amma na san shi, zai gane, kuma zai tafi yana ganin sadaka aka ba shi. Sai na kama shi ta inda ya fi kamuwa.

“Ni na babba ko kai?”

“Kai na, Yaya.”

“To ni nic ce ka wuce. Ba roƙo nika yi ba. Kuma kar ka sa rai in rage maka, duk abin da nika da shi sai na fid da shi. In ka iya, ka wuce.”

Ya ce to. Irin to ɗin nan da yake ce mini in ina yi masa nasiha, don haka ban tafi da kwanciyar hankali ba.

Ranar gwaji aka zuba sabuwar toka, ɗalibai suka kewaye fili, har masu tallar gyaɗa sun shigo. Malam ya hura usur. Na fita da ƙarfi tun farko, gudun da ban taɓa yi ba, don in ma zai wuce ni ya sha wuya kafin ya wuce. Zagaye biyu muka bar kowa. Ina jin takunsa a bayana, bai matso ba bai ja baya ba. Aka buga wilin mota. Idona ya fara ganin duhu-duhu, ƙafafuna suka yi nauyi, shi kuwa yana nan a kafaɗata. Muka shiga miƙaƙƙen layin da ke can bayan fili, yana nan. Muka doshi kwanar ƙarshe, yana nan, har ya taka mini dunduniya. Na gane ba zai iya ba, jikinsa ya ƙi bin umarnin da kunnensa ya ji.

Da ɗan numfashin da ya rage mini na daka masa tsawa, irin wadda nake yi masa tun muna yara in ya bar awaki sun shiga gona.

“Wuce, ja’iri!”

Sai na ji iska a gefena na dama. Yana daidai kafaɗata ya ɗan rusuna da kai, muna cikin wannan gudu, ya ce a hankali, “Gafara, Yaya.” Ya wuce.

Shekara da shekaru muna gudu tare, ashe ban taɓa ganin gudun ƙanena ba, kullum yana inda idona ba ya kaiwa. Ranar na gani. Bayansa a miƙe, kafaɗunsa ba sa motsi, ƙafafun nan dogaye sun buɗe iyakar buɗewarsu, yatsunsa suna ɗan taɓa ƙasa suna tashi, toka tana bin sawunsa. Fili ya ruɗe da ihu. Ni ma na sami kaina ina ihun, ina gudu ina kiran ya ƙara, ya ƙara, daɗi ya cika mini ciki. Ina can ina kallonsa wani ɗan Sanyinna da ban taɓa lissafawa da shi ba ya zo ya wuce ni, na shigo na uku ina dariya ina tari.