Akuyar da Aka Zana a Bangon Asibitinmu

Shekarar da mutanen Masar suka cika dandali suna cewa shugabansu ya sauka, ina koyar da aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Hunkuyi da Taba. Labarin muna kallonsa ne a shagon mai cajin waya, don shi kaɗai ke da janareta da talabijin. Wata Asabar da hantsi aka nuno wani dogon bango a Alƙahira, samari sun cika shi da zane, ga sojoji da kan jaki, ga fuskokin waɗanda aka kashe.

Kusa da ni a benci akwai mai fentin motoci, wani Kirista daga kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu. Shi ke zana zaki da ɗawisu a jikin motocin da ke ɗauko rake daga Makarfi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba Fenta nake ce masa.

"Malam, ka ga aiki?" in ji shi. "Ni ina nan ina yi wa direbobi zaki, wasu na can suna girgiza gwamnati da burushi."

Na ce, "Baba, mu ina muka ga bango? Namu duk na ƙasa ne, ruwa ɗaya zai wanke juyin juya halin."

"Na asibiti fa?"

Asibitin nan ginin bulo ne a bakin titi. An buɗe shi da kiɗa da jawabai, sai dai an manta da ƙofofi da gadaje da ma'aikata. Matanmu a kan babur ake kai su Hunkuyi in naƙuda ta taso. Awakin unguwa ne kawai suka taɓa haihuwa a ɗakin haihuwarsa, kuma gaskiya ba su taɓa kuka da aikin ba.

Ranar kasuwa, da rana tsaka, Baba Fenta ya kafa tsaninsa a jikin bangon asibitin. Babu wanda ya hana shi. Masu wucewa sun ɗauka ɗan kwangila ne ya tuba, har suna cewa, "Sannu da aiki, Allah ya sa a gama lafiya." Kafin la'asar ya zana wata ƙatuwar akuya sanye da farar rigar likita, abin awon ƙirji a wuyanta, mata masu ciki sun yi layi a gabanta. A gefe ya sa wani mai tumbi cikin babbar riga yana yanka ƙyalle da almakashi. Bai yi masa fuska ba. Ni na ba da rubutun da aka sa a ƙasa: LIKITA NA CIKI, A BI LAYI.

Cikin kwana biyu gaban asibitin ya zama dandali. 'Yan acaɓa suka mayar da shi tasharsu, mai rake ya kawo baronsa, mai ƙosai ta kafa murhu. Mutanen da suka yi shekaru suna wuce ginin ba su ko ɗaga kai, yanzu sun tsaya suna gardamar wane ne mai tumbin. Abin mamaki, mutumin da ba shi da fuska, sai da manya uku suka gane kansu a jikinsa.

Wanda ya fi gane kansa shi ne kansilanmu na lokacin. Ya kai ƙara gun mai unguwa, aka kira mu zaure. Muka tuɓe takalma, muka gaida mai unguwa har da tambayar gona da iyali, shi kuwa kansila yana gefe yana huci.

"Ranka ya daɗe, ba shi da fuska," in ji Baba Fenta.

Kansila ya ce, "Hular fa? Duk garin nan wa ke karya hula haka in ba ni ba?"

Baba Fenta ya ce, "To Honarabul, ai sai ka sauya kari."

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, wai tari ne ya sarƙe shi. Da aka juyo kaina, jarumtata ta Alƙahira ta bi ta taga. Na tuna takardar canjin wurin aiki ba ta da wuyar rubutawa, sai na ce ni dai gyaran ƙa'idar rubutu na yi, kada yara su koyi kuskure. Baba Fenta ya dube ni ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Malam ko waƙafi bai ƙara ba." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ba a kai mako ba sai ga mota da bokitan fenti da leburori. Suka shafe akuyar, suka ga sauran ginin ya yi muni kusa da wurin, suka fente shi duka. Har ƙofofin ƙarfe aka sa da kwaɗo. Likita bai zo ba, amma awaki sun rasa masauki, kuma duk wanda ya wuce a mota zai rantse muna da lafiya.

Labari ya kai wajen Gubuchi. Wani hedimasta ya tako takanas ya roƙi Baba Fenta ya zagi gwamnati a bangon makarantarsa, ko Allah zai sa a fente ta, a gyara rufin da ke yoyo. Baba ya je ya zana yara a aji kowa riƙe da laima, malami na rubutu a allo ruwa ya kai masa gwiwa.

Sai dai makarantar tana nesa da kwalta, babu babban da ke bi ta can balle ransa ya ɓaci. Bayan wata biyu na haɗu da hedimastan a kasuwar Makarfi, na tambaye shi ko an zo.

"An zo," ya ce. "Sufeto ya zo, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya rubuta a rahotonsa cewa makarantarmu tana ƙarfafa wa yara gwiwa a fannin zane-zane."