Katin da Aka Ɗaure da Koren Zare

Shekara goma sha ɗaya muka yi bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na katako, da wani rami a tsakiya da hannu ke iya wucewa. Ni tela ne, shi mai gyaran waya. Ta ramin nan nake miƙa masa shayi, ta nan yake miƙo min wayata in ya yi mata caji, ta nan kuma muke faɗanmu in ba kowa a shago.

Allura ake ce masa, kuma ni na jawo masa sunan. Ranar da ya tare a shagon, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in ara masa allura. Na zaci maɓallin rigarsa ne ya tsinke. Ashe rauta ce a hannunsa, akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet a gida, kuma a bayanta akwai wani ɗan rami da sai da tsinin allura ake danna abin da ke ciki. Bai dawo min da ita ba. Washegari ya ari wata. Kafin wata ya ƙare, da na ji motsinsa a bakin ramin sai in ce, ga Allura nan ya zo. Layin gaba ɗaya ya ɗauka, har matarsa in ta bugo ba ta same shi ba, ni take kira ta ce in ba ta Allura.

Ba canza gilashin da ya fashe ne aikinsa ba, ko da yake yana yi in an matsa masa. Abin da yake so shi ne wayar da ta tsufa, wadda masu ƙera ta suka daina aiko mata da gyara, ta yi nauyi kamar mai ciwon ƙafa. Sai ya cire manhajar da ta zo da ita, wato abin da ke tuƙa ta daga ciki, ya zuba mata wata da wasu masu sha'awar abin suka rubuta suka bayar kyauta. Haka yake yi wa rauta ma. Mutane suna kiran wannan filashin. Shi kuwa cewa yake sauya wa tsohuwa ƙwaƙwalwa, kuma ba a yi wa tsohuwa gaggawa.

Aikin yana da saurin lalacewa. Na sha jin ya yi tsaki ta bayan katakon. Wani lokaci kebul ne ya yi sanyi, kwamfuta ta ƙi ganin wayar. Wani lokaci manhajar da ya sauko da ita ta ƙanwar wayar ce, sun yi kama a fuska amma cikinsu daban. Wani lokaci ana tsakiyar zubawa a ɗauke wuta, rauta ta koma fitila ɗaya tana ƙyaftawa, ba ta gaba ba ta baya. A nan ne zai sa allurata a ramin, ya danne, yana ƙirgawa a fili har talatin. In na sa masa baki ya ɓata lissafi, sai ya ce Allah ya sa in ɗinke aljihun wani ta ciki. Sau biyu addu'ar tana kama ni.

Abu uku ne ba ya tsallakewa. Ba ya taɓa wayar da cajinta bai wuce rabi ba. Ba ya farawa sai ya zaunar da mai ita ya tambaye shi me ke ciki da ba zai iya rasawa ba. Nan za ka ji babban mutum ya ce hoton mahaifiyarsa ne, ko saƙon wani da ya tafi. Na ukun shi ya fi shafa ta. Kafin ya cire tsohuwar manhaja, sai ya kwafe ta a katin memori, don in sabuwar ta ƙi zama a samu hanyar komawa. Katin ƙarami ne kamar farce, ba wurin rubutu a jikinsa, shi kuma dama ba ya son biro. Sai ya sa shi a 'yar leda, ya miƙo hannu ta ramin ya ce, “Tela, zare.” Kowane launi nake ɗinki da shi a lokacin, shi nake yanko masa da almakashi. Ya ɗaure ledar, ya rataye a jikin ƙusa. A kansa yake riƙe cewa ja na direban nan ne, ruwan ƙasa na malamar makaranta. In aiki ya zauna bayan sati biyu, ya kwance ya goge katin. Wasu ba sa dawowa, nasu ya yi ta rataye.

Maimakon littafi, magana yake yi. Zai kunna ɗaukar murya a wayarsa ya ajiye gefe, yana aiki yana faɗin abin da ya gani da abin da ya gwada. Wai in irin matsalar ta dawo bayan shekara, sai ya saurari kansa. Na ce masa a duniya shi kaɗai na sani da ke neman shawarar kansa kuma ya bi.

Wata safiyar Talata ya ce yau tasa wayar zai yi wa aiki, an fito da sabuwar manhaja yana so ya gwada kafin ya sa wa mutane. Ni kuwa labulen wani ɗakin shan magani ne a gabana, kore, dogo, mai shi yana tsaye a kaina. Ya ce, “Tela, zare.” Ban ko ɗaga kai ba. Almakashin ya shige ƙarƙashin yadi, sai na ja zaren na gatsa da haƙori na tura masa, na ce shekara goma sha ɗaya ya isa mutum ya sayi nasa.

Kafin azahar na ji tsakinsa. Wayar ta ƙi tashi. Sai ta kawo hoton farko, ta tsaya, ta mutu, ta sake kawowa. Ya ce ba komai, zai mayar mata da tsohuwar bayan ya ci abinci. Bai ci ba. Ya ce kansa na sara, gefen hannunsa ya yi nauyi. Ni na tsayar masa da mota, ni na rufe shagonsa. Kwana uku ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba har ya rasu.

Ba zan iya faɗin yadda layin ya koma ba. Na fi wata ina haɗa shayi kofi biyu. Ramin nan na toshe shi da ƙyalle, na cire, na sake toshewa.

Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki matarsa ta zo. Maman yara nake ce mata, ita kuma Baba Tela take ce min kamar yadda 'ya'yanta ke faɗa. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, muka gaisa, ta buɗe jaka ta fito da wayar a naɗe cikin hankicinsa. Ta ce hotuna tana da su. Muryarsa ce ba ta da ita. Shi ba mai aika saƙon murya ba ne, in yana son magana bugowa yake. Ta ce ranar nan ta zauna tana son tuna yadda yake kiran sunanta daga bakin ƙofa, sai ta ji abin ya fara dushewa.

“Baba Tela, na san yana cikin nan yana ta surutu. Ina so in ji.”

Ta riga ta kai wa masu gyara biyu. Duka sun ce sai an wanke ta, wato a goge duk abin da ke ciki, sannan za ta tashi. Ta karɓe kayarta ta fito.

A ƙarshen layinmu akwai wani mai gyara da Allura ya sa wa suna Wanke-wanke, don ko me aka kawo masa maganinsa ɗaya ne. Ba mugu ba ne, hannunsa ma yana da kyau, haƙuri ne Allah bai ba shi ba. Sun shekara suna tsokanar juna, kuma ranar jana'iza na ga ya koma bayan mota yana share ido. Na je na same shi na ce hannunsa nake so, kansa ya bar shi a shago. Ya ce tela ne zai koya masa aiki? Na ce shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar darasi ta bango, shi wace makaranta ya yi da ta kai haka? Ya yi dariya, ya ɗauko kebul ya biyo ni.

Maman yara ta buɗe shagon da makullinta. Kujerarsa tana nan a karkace yadda ya tashi ya bar ta, kofinsa yana bakin ramin. A jikin tsohon soso na ga allurai a soke sun fi ɗari, duka nawa. A bango kuma ga ledoji a rataye, goma sha bakwai.

Wanke-wanke ya jona wayar zai fara. Na ce a'a, sai caji ya wuce rabi. Muka zauna kusan awa guda muna kallon bango. Ya yi ta kaɗa ƙafa, yana cewa ko marigayin yana kallonmu ai ya gaji. Maman yara ta ce da bai gaji ba, shi da ya taɓa sa ta jira a bakin asibiti da naƙuda wai sai rauta ta gama tashi.

Da caji ya kai, ya danne maɓallin ƙara da na kunnawa tare, wani baƙin allo mai ƙananan rubutu ya fito. Yatsansa ya tafi kai tsaye wajen gogewa, don sabo. Na riƙe masa hannu. Ya dube ni, ya dubi yatsan, ya ce Allah ya shirye shi. Sannan ya yi mana bayani a fili. In aka mayar mata da ainihin manhajar da aka cire, ba a taɓa ɓangaren ajiya ba, tana iya tashi da kayanta. In aka zuba ta wata wayar, tana iya mutuwar da ko baƙin allon ba za a ƙara gani ba. Ya ce sa katunan a kwamfuta ma ba zai taimaka ba, don marigayin lambobi kawai yake bari, kuma yawancin masu zuwa wurinsa irin wayarsa suke riƙewa, don shi ne ya sa suka saya.

Na ce zaren katinsa kore ne. Muka duba, kore uku ne a bangon.

Ɗaya mai haske ne, na cire shi, labulen nan mai duhu ne. Saura biyu, launi ɗaya, daga ƙwarya ɗaya, don na yi sati ina ɗinka labulen. Maman yara tana ta murza hankicin. Na ɗauko su na fita bakin ƙofa inda haske yake, na sa tabarau. Na farko bakinsa a yanke yake tsaf. Na biyu bakinsa ya tarwatse, silin ya rabu uku, irin na zaren da aka gatsa. A shekara goma sha ɗaya sau ɗaya na ba shi zare ban yanka da almakashi ba.

Na miƙa wa Wanke-wanke. Ya ce na tabbata? Na ce haƙorina ne.

Ya sa katin, ya zaɓi mayarwa, ya cire alamar da ke kan ɓangaren ajiya, ya nuna min da idona kafin ya danna. Wani layi ya fara tafiya a hankali. Ya kai wajen kashi saba'in ya tsaya. Wanke-wanke ya kai hannu zai zare kebul, ni kuma ban san lokacin da na fara ƙirgawa a fili ba, yadda nake ji ta bango. Ina ashirin da shida layin ya motsa.

Wayar ta mutu, ta kawo hoton farko. Ta ɗan jima a nan. Sai ga hoton 'ya'yansa su uku a kan allo, da agogo yana nuna wata ranar da ta wuce.

Muryoyin sun fi ɗari huɗu. Maman yara ta danna ɗaya daga tsakiya. Sai ga shi, da 'yar shaƙewar nan tasa ta safe, yana cewa wannan rautar ta raina shi, ya ba ta adireshi ta ƙi amsawa, bari ya sauya rami ya gani. Can aka ji wata wayar tana ƙara, ya ce, “Ga uwargida nan, bari in ɗauka kafin a yanke min hukunci.” Sannan ya kira sunanta, ya ja ƙarshen yadda yake yi. Ta sa hankicin a baki. Dariya take ko kuka, ban duba ba. Wanke-wanke ya ce yana da mai jira a shago, ya fita bai ɗauki kebul ɗinsa ba.

Na roƙe ta ta sa min na ƙarshe. Gajere ne. Ya faɗi ranar, ya ce zai gwada sabuwar a tasa, ya kwafe tsohuwar. Ana jin keken ɗinkina yana gudu ta bayan katako. Ya ce, “Tela, zare.” Sai muryata, a ƙufule, ina cewa shekara goma sha ɗaya ya isa mutum ya sayi nasa. Abin da ban ji ba ranar, saboda na riga na taka keke, shi ne ya yi 'yar dariya, ya matso kusa da wayar ya ce a hankali, “In na saya, da me zan riƙa kiransa?”

Maman yara ta tafi da wayar a ranar, bayan mun kwafe komai wuri biyu, don na ce haka Allura zai yi. Na ƙarshen nan ta sa aka zuba min a kati. Na sa shi a leda na ɗaure da sauran koren zaren, yana rataye a ƙusa saman kekena. Ban cika sauraronsa ba. Shagon an ba wani mai sayar da takalma, mutumin kirki ne, ya ce zai sa a toshe ramin da katako in yana damuna. Na ce ya bar shi.