Tsintsiyar Baba Bawah da 'Ya'yan Zakanya

Duk wanda ke fitowa daga sallar asuba a layinmu na Moshi Zango ya san Baba Bawah Seini, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke tafiya kai a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ka gaishe shi zai amsa da fara'a, ya tambayi iyalinka ɗaya bayan ɗaya, amma idonsa na ƙasa. Kafin ya isa wurin mai koko ya riga ya san akuyar wa ta tsinke, ya san wace mata ce ta fita da kaya a kai. Idan ya dawo sai ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar gida tas, shara mai layi-layi, sannan ya zauna a benci yana kallon masu wucewa suna tattake ta. Wata huɗu ke nan da ya ajiye aiki, kuma bai fasa ko rana ɗaya ba.

Kafin in yabe shi, bari in fara da laifinmu. Shekara talatin da ɗaya muna yi wa mutumin nan dariya. Mun dai san yana aiki a wani gandun daji can arewa, tafiyar wuni guda a mota har da ɗoriya. Sau biyu yake zuwa gida a shekara, kuma duk ranar komawa sai ya biya unguwar Alabar wurin Habibatu mai tsintsiya, ya ɗaure damin tsintsiyar kwakwa, ya saɓa a kafaɗa ya nufi tasha. Namiji guda, da gemunsa, da damin tsintsiya! Nan take muka yanke cewa shara yake yi a ofishin gandun, muka laƙaba masa Bawah Mai Tsintsiya. Bai taɓa gyara mana ba. Matarsa Alima ce ta sha baƙar magana a gidan suna da gidan biki, ta shanye.

Habibatu ta ce ita ma ta taɓa tsokanarsa. "Na ce, Baba, mutanen arewa ba su da tsintsiya ne kuraa, ko ɗaya? Ya ce suna da ita, amma ta ciyawa ce, ba ta tsaga ƙasa. Ni ban gane ba, na dai ɗaure masa."

Gaskiyar ta fito ne ranar da aka yi masa addu'ar ajiye aiki. Abdul-Wadud, ɗan Alabar da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar gandun, shi ya miƙe bayan an shafa fatiha ya ce yana da magana. Muka zauna da kwanukan shinkafa a hannu, shinkafar ta huce ba mu sani ba.

Ashe Baba Bawah mai bin sawun zaki ne. Zakunan da suka rage a wannan gandu ba su kai goma ba, kuma suna tsoron mutum sosai, sai a yi wata ba wanda ya sa su a ido. Shi ne wanda ke faɗa wa hukumar gandun nawa ne, ina suke, wa ya haihu, wa ya ɓace. Da la'asar yakan je mashaya da mararrabar hanyoyin namun daji ya share ƙasa, tsintsiyar kwakwa ta bar siraran layuka a kan yashi. Da safe ya dawo, duk ƙafar da ta karya layin sabuwa ce, babu musu. Idan sawun zaki ne, sai ya zari tsinke daga tsintsiyar ya karya shi daidai faɗin tafin, ya saka a wani tsohon gwangwanin madara. Kowane zaki da tsinkensa, kowane da sunan da ya raɗa masa, kuma sunayen duk na Zango ne. Babbar zakanya Magajiya ce. Tsohon namijin da ke riƙe da garken kuwa Mai Unguwa.

A daminar bara Magajiya ta haifi 'ya'ya uku. Shekara shida rabon da a ga ɗan zaki a gandun. Abdul-Wadud ya ce ranar da Baba ya ga ƙananan sawayen nan, zama ya yi daɓas a kan yashi yana ta hamdala.

Sai kuma masifa ta shigo da rani. Wasu matasan zakuna biyu, 'yan uwan juna, suka ƙetaro daga wani daji, suka haɗa ƙarfi suka kori Mai Unguwa da rauni a cinya. Baba ya sa musu 'Yan Tasha, don ya ce sun cika hayaniya da son abin da ba nasu ba. Ɗabi'ar zaki ce idan ya ƙwace garke ya kashe 'ya'yan wanda ya kora, don uwar ta haifa masa nasa. Cikin kwana biyu sawun Magajiya ya ɓace, na 'ya'yanta ya ɓace.

A gabashin gandun akwai ƙaramin sansanin masu gadi, an kafa shi musamman saboda Magajiya da 'ya'yanta. Da aka yi sati biyu shiru, babban ofisa ya kira Baba ya ce za a rubuta cewa 'ya'yan sun mutu, a tashi sansanin, a kai masu gadin yamma inda masu ɗana tarkon waya suka addaba. Ofisan ba mugu ba ne, ma'aikata ne suka yi masa kaɗan. Abdul-Wadud yana bakin ƙofa, ya ji komai.

Baba ya ce, "Masa, ranka ya daɗe, ban ga ungulu ba, ban ga ƙashi ba. Ba zan ce sun mutu ba."

Ofisa ya ce, "Ba ka kuma gan su da rai ba, Bawah."

Baba ya ce, "Gaskiya ne. Kwana arba'in ya rage min in ajiye aiki. Ka bar min sansanin zuwa ranar. Idan ban kawo maka sawu ba, ka tashe shi, ni kuma in tafi gida da kunyata."

Ofisa ya ce, "Yoo, na yarda. Kwana arba'in, ban da ƙari."

Wannan kwana arba'in ɗin, in ji Abdul-Wadud, bai taɓa ganin ɗan Adam ya yi shara irinta ba. Kowace mashaya, kowane kwazazzabo, kowane bakin dutse da zakanya za ta iya ɓoye ɗa. Tsintsiya shida ta ƙare a hannunsa. Kullum da safe sawun 'Yan Tasha ne ke tarar da su, manya-manya, suna zagaye ƙasar da suka ƙwace, sai na kura da na gada. Baba ya daina cin abincin kirki. Gwiwarsa ta kumbura, yana ɗingishi yana shara. Tsoro ya kama shi, kuma ba tsoron zaki ba ne. Tsoron kada ya zama ya yi shekara talatin da ɗaya yana ƙirga abin da ke ƙarewa a gaban idonsa.

Rana ta talatin da bakwai ya hau wani tudu inda ake samun sabis ya kira Alima. Ita ta ba ni wannan ɓangaren da bakinta, tana tsinke ganyen alayyafo. Ta ce tana jin muryarsa ta san ya karaya. Ya ce mata ya duba duk inda babu mutum, duk inda uwa za ta ɓuya, bai ga komai ba.

Ta ce, "Baban Asama'u, wa ya faɗa maka uwa tana ɓuya a inda babu kowa? Ka tuna shekarar da samari suka yi faɗa da adduna a layinmu, kana daji? Ban kai yaran nan lungu ba. Na kwashe su na je na zauna a ƙofar 'yan sanda, wuni guda, ni da nake tsoron 'yan sanda paa, ba kaɗan ba. Na san masu addunan sun fi ni tsoronsu. Su waɗannan 'Yan Tashan naka, wa suke tsoro?"

Sai ya ce, "Alima, Allah ya yi miki albarka," ya kashe waya.

Mutum 'Yan Tasha suke tsoro. A duk faɗin gabashin gandun, wuri ɗaya ne ba a taɓa ganin sawunsu ba, kuma wuri ɗaya ne Baba bai share ba: bayan sansanin masu gadi, inda ruwan famfonsu ke gangarawa ya taru a wani kwari mai ƙaya. Wa zai nemi zakanya a bayan ɗakin kwanansa? Shi da kansa ya ce wannan ne babban kuskurensa a aikin, ya san halin zaki amma bai tambayi uwa ba. Da la'asar ya sauka kwarin ya share bakin ruwan, masu gadi suna leƙensa suna cewa tsufa ya fara taɓa Baba.

Washegari babu komai sai sawun zabi. Ya sake sharewa. Rana ta talatin da tara ma haka, har an fara ɗaure katifu a sansanin. Ya sake sharewa.

Safiyar rana ta arba'in Abdul-Wadud ya bi shi kwarin. Ya ce Baba yana gaba, sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu. Ga babban tafi ya karya layin tsintsiya. Ya durƙusa a kan kumburarriyar gwiwar, ya buɗe gwangwani, ya ɗauko tsinken Magajiya ya ɗora. Daidai, ba ragi ba ƙari. A gefensa ga ƙaramin sawu, ga wani. Biyu.

Abdul-Wadud ya ce, "Na ce, Baba, biyu ma Alhamdulillahi. Bai ko kalle ni ba. Ya kwantar da kumatunsa a ƙasa yana kallon cikin sawun uwar. Sai ya ce, zo ka gani. Wallahi na uku a ciki yake, ya taka daidai inda uwarsa ta taka."

Abdul-Wadud ya ce a nan Baba ya yi sujada a kan yashin da ya share, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago gemunsa duk yashi da hawaye. Taku ɗari uku ne tsakanin kwarin da ƙofar sansanin. Da an tashi masu gadin tun ranar da ofisa ya so, babu abin da zai hana 'Yan Tasha sauka wurin. Ofisa ya zo ya gani da idonsa, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce a kwance katifu. Sansanin yana nan har yau. Ba a ce haɗari ya wuce ba, sai 'ya'yan sun ƙara girma, amma a satin da ya gabata an hango su ukun suna bin uwarsu, kowanne ya kai girman ɗan akuya.

Da Abdul-Wadud ya kai nan, wata ajiyar zuciya ta ratsa tsakar gidan, kamar dukanmu ne muka yi kwana arba'in muna shara. Habibatu ta fashe da kuka. Mu kuma masu laƙabi muka sunkuyar da kai, karon farko muka koyi tafiyar Baba.

Baba Bawah, kai ne wanda ya ƙi ce wa mai rai matacce don a gama magana da wuri. Kai ne mai tsintsiya, kuma yau da cikar baki muke kiranka haka. Ba ka taɓa riƙe zaki ba, ba ka da hoto da shi a bango, sau da yawa ma ba ka gan shi ba, sawunsa kawai kake gani, amma ka san shi kamar yadda ka san maƙwabtanka. Ka ji dariyarmu ba ka rama ba. Ka yi kuskure ka faɗa a bainar jama'a, ka kuma faɗi wadda ta gyara maka. Wannan ta ƙarshen ta fi wuya a wurin mazan Zango, mu ma mun sani.

Ke ma Alima, ki karɓi rabonki. Shekara talatin da ɗaya kina riƙe da gida kina jin ana ce wa mijinki mai shara, sai ga shi maganarki ce ta nuna masa inda zai share.

Ranar addu'ar nan, bayan baƙi sun watse, Baba ya buɗe gwangwanin ya miƙa wa Abdul-Wadud duk tsinkayen ya mayar da su gandu, don wanda ya gaje shi ya ci gaba. Uku kawai ya riƙe, gajeru, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ya zuba su a tafin Alima ya ce, "Waɗannan naki ne." Ta ce me za ta yi da tsinke. Ya ce, "Ba komai. Ai sun riga sun yi wa masu su kaɗan." Ta ƙulle su a bakin mayafi, daga baya ta mayar da su akwati tare da kayan aurenta.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya warkar da gwiwa, ya ƙara kwana mai albarka. Ku kuma masu karatu, duk wanda aka damƙa wa wani abu ya tsare, ƙarami ko babba, kada ya yi saurin cewa ya ƙare. Ya sake sharewa ya dawo da safe ya duba. Idan kuma hanya ta biyo da ku Moshi Zango kuka tarar da ƙofar gida mai layi-layi, ku taka ba komai, don haka aka share ta. Amma ku tsaya ku gaishe da dattijon da ke kan benci. A tasha kuwa, jiya Habibatu ta ɗora wani sabon damin tsintsiya a motar arewa, na wanda ya gaji Baba.