Allurar Nicanor

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, lokacin tsananin sanyi a wurinmu, da la'asar, Allah ya yi wa Nicanor Barría rasuwa a shagonsa na aski da ke unguwarmu a Río Gallegos, yana da shekara sittin da takwas. Wani da ya je aski ne ya tarar da shi a kujerar da yake zaunar da mutane, kansa a jingine, rediyo na ta surutu, murhun gas mai ɗumama ɗaki yana ci. Mutumin ya daɗe a tsaye yana jira, wai kada ya katse wa tsoho barcin rana.

Tun daga ranar, duk wanda na gamu da shi sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ai ya dace, mutuwa mai daɗi ya yi." Haka muke kiranta a nan kudu idan gubar murhu ta ɗauki mutum cikin barci. Har limamin coci ya faɗa a bakin kabari. Ban san wanda ya taɓa ɗanɗana ta ya dawo ya ba mu labarin daɗin ba. Abin da na sani, lafiyayyen mutum ya ci abincinsa na rana, ya zauna ya huta, iskar ɗakinsa ta kashe shi. A nema wa wannan wani suna.

Nicanor, na zauna in rubuta maka yabo, sai na tarar fushi ya riga ni zama. Ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Kirkinka dai ba a ja da shi. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kai ne kake zuwa duk Lahadi da askarka da ɗan tawul, kana yi masa gyaran fuska kana tsokanarsa: "Don Aurelio, tashi mana, 'yan matan gari sun fara tambayata ko ka yi aure ne." Shi da ya daina magana da kowa sai ga shi yana dariya, kumfa na shiga masa baki. Masu askin tumaki idan sun sauko daga ƙauye da gashi kamar na dabbobinsu, shagonka suke fara sauka, su sha shayin mate, wani ma ya kwana a benci. Ni kuwa Malam Takarda kake ce mini. Kullum sai ka ɗaga gashin tsakiyar kaina ka ce, "Malam, karatun nan na cin ciyawa, saura kaɗan fili ya fito."

Abin da ba ka iya gani ka kau da kai shi ne mutum yana jin sanyi. Daga nan masifar ta ɓullo. Da sanyin kaka ya shigo, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, sai ka zare allurar da ke maƙale a wuyan rigarka ka bi gidajen tsofaffin layinmu. Ka buɗe murhu, ka samu 'yar kafar nan da gas ke fitowa, ka zura allura ka ƙara mata faɗi. Wuta ta tashi, ta bar shuɗi ta koma ruwan ɗorawa, tsohuwa ta yi ta sa maka albarka ta cika maka takarda da soyayyen burodi. Cewa kake, "Shuɗiyar wuta ai wutar marowaci ce." Sannan ka dubi 'yar tagar iska da doka ta ce a bari a bango, ka ce wane mahaukaci ne yake huda gida a garin da iska ke kayar da doki, ka cusa mata tsohuwar jarida. Shafin jaridar da ni nake rubutu a cikinsa na gani cushe a tagar shagonka. Aƙalla wani ya same shi da amfani.

Ba kai ka ƙirƙiro wannan dabara ba, iyayenmu ma sun yi. Mu ne mutanen da idan ɗaki ya yi zafi ba ma rage wuta, sai dai mu tuɓe riga. Amma kai ka mayar da ita sadaka, kuma sadaka ba a yi mata gardama.

Kwana biyu da binne ka, ɗanka Ulises ya kira Zulema Catrileo, mai aikin gas, ta zo ta duba shagon. Ina wurin. Ta buɗe ƙofa da tagogi, ta kashe na'urar ruwan zafi da murhun girki, ta bar na ɗumi kaɗai ta ƙure masa wuta. Ta fita inda mitar gas take a bakin titi, ta zuba wa jajayen lambobin ido, agogo a hannu, minti ɗaya. Lita takwas ya sha. Ta ninka sau sittin, lita ɗari huɗu da tamanin ke nan a awa. Kowace lita tana ba da zafi na kalori tara da 'yan kai, ya kama kusan dubu huɗu da ɗari biyar. Ta dawo ta goge ƙurar ɗan ƙarfen da ke jikin murhun, inda masu ƙera shi suka rubuta abin da zai iya ci a awa: kalori dubu uku.

Ulises ya ce, "To ragowar fa, ina take zuwa?"

Ta ce, "Wuta na buƙatar iska kamar yadda kake buƙata. In ka ɗura mata gas fiye da iskar da take samu, ba ya ƙonewa duka. Ragowar ta zama guba, ba wari, ba hayaƙi. Babanka ya shaƙe ta."

Minti ɗaya, Nicanor. Kai da kake ɓata rabin awa a kan gashin bakin mutum don kada ɓari ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Garin neman gira ka rasa ido.

Da a kanka abin ya tsaya, da na yi kukana na yi shiru. Amma murhunan da allurarka ta taɓa suna nan suna ci a layinmu, kuma sanyi bai kai rabi ba. Zulema ta bi gida-gida. Wasu sun buɗe mata. Wasu sun ce ta ƙara gaba, hannun marigayi ne, ba za a taɓa ba. Mafi taurin kai a cikinsu 'yar'uwarka ce, Edelmira, wadda ke kwana ita kaɗai a ɗaki rufe ruf da irin wutar da ta kashe ka.

Na je da kaina. Na same ta ta miƙa ƙafafu gaban murhu, harshen wutar kamar ƙwaiduwa.

Na ce, "Doña Edelmira, kanki ba ya ciwo da safe?"

"Tsufa ne. Kai ma yana tafe."

"A bar yarinyar nan ta sauya 'yar kafar, ta cire jaridar bango. Ba za ta daɗe ba."

Ta ce, "Kai dai Malam Takarda, ka karanta duniya ba ka karanta kunya ba. Ko kwana tara bai yi a ƙasa ba, kuna so ku ce shi ya kashe kansa? Ba gida ya bar mini ba, ba gona ba. Wannan ɗumin ne kawai ya rage mini na hannunsa."

Ka ji aikinka. Ka sa tsohuwa ta rungumi ajalinta tana kiran sa gado. Maganarta ta fi tawa kyau, sai dai tawa ce gaskiya. Na fita waje, na rufe famfon gas ɗinta, na kwance hannunsa na sa a aljihu. Zagin da ta yi mini ta taga har maƙwabtan layi na biyu sun ji, ta haɗa da kakana da ba ta taɓa gani ba. Yanzu tana gidan Ulises, a ɗakin jikoki, ta ce kada a ƙara ambaton sunana a gabanta.

Ga sauran maƙwabta da suka rufe ƙofa: Zulema za ta sake biyowa ranar Asabar. Wanda ya ƙaunaci Nicanor ya buɗe mata. Gyara murhun ba cin mutuncinsa ba ne. Cin mutuncin shi ne a sake fitar da wata gawa a layin nan a ce hannunsa ne.

Allah ya jiƙanka, Nicanor. Ya dubi niyyarka, ya kau da kai daga dabararka, ya sa ka inda babu sanyin da zai sa ka taɓa kayan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ulises da matarsa da 'ya'yansu, da masu askin tumaki da za su sauko bana su tarar da shago a kulle. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ke kuma Doña Edelmira, na san za a karanta miki wannan ko da kin hana. Allah ya ba ki dangana. Hannun famfonki yana wurina, ba kuma zan mayar ba sai an gyara murhun an auna shi a gabana. Kafin nan ki ci gaba da zagina safe da yamma, ki ɗaga murya yadda zan jiyo daga gidana. Muddin ina jin zagin, na san kin tashi lafiya.