Sunan da Na Je Fagam Na Mayar

Surko zuwa Birnin Kudu

Ranar Alhamis, ana sallame asuba na hau bayan babur daga Surko, sanye da babbar rigata ta Sallah. Sani na Fagam ne aka yi wa haihuwa, ya aiko zai sa wa yaron sunana, Haruna, don ni na fitar da shi Sanin daga rijiya yana ɗan shekara huɗu. Haka ake faɗa. Ni ma shekara talatin haka nake faɗa, kuma duk shekara rijiyar tana ƙara gaba biyu a bakina.

Ku rufa mini asiri, masu karatu: Garba mai haƙar rijiya ne ya shiga. Ni ina daga baki, aka miƙo yaron, na karɓa na ruga cikin gari ina salati. Kafin Garba ya hauro, har an gama yi mini guɗa.

Birnin Kudu zuwa Gwaram

Bakwai da rabi mota ta cika. Direba ya ce, "Baba, gaba ko baya?"

Na ce, "Yaro, ana sa jarumi a baya?"

Ya sa ni gaba tare da wani mai buhun barkono. Atishawa na yi har Gwaram. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo kawai, jarumi ya shiga laluben katin da ba wanda ya tambaye shi. Tara da kwata muka sauka, na ci waina biyar don in dawo hayyacina.

Fagam

Bayan azahar na isa. Aka shimfiɗa mini darduma a zaure, ga fura, ga kaza. Da la'asar sai ga wani tsoho yana turo kurar ruwan suna, yana jan ƙafa ɗaya. Garba ne.

Ya ce, "Malam Haruna, ya jaruntaka?"

Na ce, "Sai godiya." Na ajiye cinyar kazar da ke hannuna.

Juma'a da safe aka taru, aka raba goro. Sani ya sunkuya zai raɗa wa liman suna. Na ce, "Dakata, Liman. Ni ban taɓa shiga rijiya ba. Ko leƙa ta na yi, jiri nake gani. Garba ne ya shiga."

Sai Inna Kande, uwar Sani, ta ce daga bayan labule, "Yo wa bai sani ba? Ina tsaye a wurin. Kai ne mai riga, ga bokonka na aji uku. Shi Garba da taɓo har wuya, wa zai yi wa guɗa?"

Ashe Sani kaɗai aka bari a duhu. Ya fita ba takalmi, ya riƙo hannun Garba, ya zaunar da shi a dardumata. Garba na ta cewa, "Ku bari in ƙarasa cika randa." Liman ya raɗa Abubakar, aka shafa fatiha.

Komawa

Direban jiya na sake samu a Gwaram. Ya buɗe mini gaba, na ce baya ta fi iska.

Da magariba na iso Surko lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga mutanen Fagam da ba su karɓe kazarsu ba. Zurfin rijiyar kuwa na tambayi Garba: gaba shida ce. Sittin ɗin da na haƙa a kai, a yafe mini.