Fachtna na Kwanar Coci

Da safiyar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, na gangaro da motar madara ta kwanar coci kamar kullum, sai na ga kujerarka jingine da katanga, ba kowa a kai. A ƙofar shagon burodi Nuala ta ɗaga mini hannu, ta ce ka cika da asuba, a gadonka, kana da shekara tamanin da uku. Mai bayarwa ya karɓi abinsa.

Fachtna Keohane, ni ba gwanin rubutu ba ne, amma kana bina wannan.

Duk watan Yuni 'yan makaranta daga Sifaniya kan cika garin nan koyon Turanci, a ba su hayar kekuna. A ƙasarsu dama ake bi, mu a Ireland hagu. Kai ka fara lura cewa ba a cikin gari suke kuskure ba, don can suna bin na gabansu. Sai sun tsaya shan askirim a bakin teku, sun sake hawa, hanya ba kowa, a nan ne ƙafa take tuna gida. Su nufo kwanar coci a hannun motocin da ke tahowa, shinge ya rufe musu gaba.

Hukuma ta kafa allo da Turanci. Ka dube shi ka ce wanda ya firgita ba ya jin yaren makaranta, sai na uwarsa. Ka fito da kujera, ka zauna a kwanar kana yi musu ihu. Sifaniyancinka a jirgin kamun kifi ka tsince shi, kuma an ce rabinsa zagi ne, amma kalma ɗaya ta ishe ka: "Izquierda!" Wato hagu. Fada Ultan ya ce ka fi ƙararrawar cocinsa amo. Matarka Gobnait ta ce shekara hamsin ba ka taɓa ce mata ta bi a hankali ba, sai 'ya'yan mutane. Ni ma na yi maka dariya, ba zan ɓoye ba.

Sai wata safiya, shekara uku ke nan. Ana yayyafi, mota cike da madara, ban ga komai ba sai shinge. Ihunka na ji, na taka birki. Ina shan kwana na ga yarinya a kan keke da jar rigar ruwa ta karkata hagu, tayarta ta baya ta wuce hancin motata da tazarar da ba ta kai taƙi ba. Na sauko daga motar.

Ka ce, "Kai ɗan Treasa, madara za ta yi tsami. Kama hanya."

Ka juya kan yarinyar da faɗa cikin yarensu. Ta fara da kuka, ta ƙare da dariya, don ta ce ko kakanta ya daina irin wannan zagi. Ka shigar da ita gida shan shayi. Da ba don kai ba, da yau ina ɗauke da ran 'yar mutane.

Saura mako uku yaran su iso, kuma tun ranar Talata abin da ke hana ni sukuni ke nan. Jiya na faɗa wa Gobnait. Ta ce, "Bar kujerar inda take. Kalma ɗaya ce, kuma na fi shi murya. Ya sani."

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka har da rabin Sifaniyancin nan, ya ba ka hutu. Ya ba Gobnait da 'ya'yanka, Donncha da Sorcha, haƙurin rashinka.

Wanda ya ce na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Nuala tana ƙofar shagonta, Fada Ultan yana kan matakalar coci. Sai kuma Rocío, mai jar rigar ruwa. Katinta yana zuwa duk Kirsimeti.